Me masu fasaha ke ɗauka daga adabin mafarki mai duhu da fina-finan ban tsoro na gwaji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne mai zane da ɗan rubuce-rubuce, kuma ina yawan jin masu fasaha na Turai da Amurka suna cewa adabin suriyalizim da fina-finan ban tsoro na gwaji sun yi musu tasiri. Mene ne asalinsu, kuma me ake ɗauka daga cikinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Suriyalizim tafiya ce ta marubuta da masu zane da ta kafu a birnin Faris a 1924, lokacin da André Breton ya fitar da takardar manufofinta. Breton ya yi aiki a asibitin masu taɓin hankali a Yaƙin Duniya na Farko, ya kuma karanci ra'ayoyin Sigmund Freud, likita mai nazarin tunanin ɗan Adam, kan mafarki, shi ya sa ya nemi a bar abin da ke ɓoye a zuciya ya fito a rubutu ba tare da hankali ya tace shi ba. Ɓangarenta mai duhu kuwa ya girme ta, domin 'yan tafiyar sun tono littafin Les Chants de Maldoror ne, na Isidore Ducasse wanda ya rasu a 1870 yana da shekara 24, suka mai da shi kakansu.

A ganina, babban abin da ake koya a nan shi ne natsuwar da ake ba da labarin abin firgici da ita. Dubi labarin Franz Kafka na 1915, inda Gregor Samsa ya farka da safe ya tarar ya rikiɗe ya zama ƙaton ƙwaro. Kafka bai taɓa faɗin dalilin rikiɗar ba, kuma abin da ya fara damun Gregor shi ne jirgin ƙasa ya wuce shi, zai makara wurin aiki, maigidansa zai yi fushi. Da an ce sihiri aka yi masa, da mai karatu ya samu inda zai ajiye tsoronsa, ya jira a karya sihirin. Da yake ba a faɗa ba, sai tsoron ya koma kan iyalinsa, waɗanda sannu a hankali suka gaji da shi har mutuwarsa ta zame musu hutu. Kafka bai kasance ɗan tafiyar Breton ba, amma magadanta sun ɗauke shi a matsayin nasu.

Fim na gwaji, wato wanda ba ya bin tsarin ba da labari da aka saba, ya bi wannan hanya da wuri. A 1929 Luis Buñuel da Salvador Dalí suka fitar da Un Chien Andalou, gajeren fim da suka gina a kan mafarkansu, bisa sharaɗin watsar da duk hoton da za a iya bayyana shi da hujjar hankali. A farkonsa an nuna gajimare yana ratsa wata, sai kuma aska tana tsaga ido, wanda a zahiri idon mataccen maraƙi ne. Haɗa hotunan biyu ne ya sa mai kallo ya ji kamar nasa idon aka yanka. Maya Deren ta yi makamancin haka a Amurka a 1943 da Meshes of the Afternoon, inda mabuɗi da wuƙa da matakalar gida suka wadatar wajen tayar da hankali.

Sai David Lynch, wanda ya fara da zane kafin fim, kuma ya shafe kusan shekara biyar yana haɗa Eraserhead, da ya fito a 1977. Mutane sun fi tuna jaririn nan mai mummunar halitta da ke kuka ba ƙaƙƙautawa, amma ni ina ganin rabin ƙarfin fim ɗin yana cikin sautin da Lynch da Alan Splet suka haɗa, wato gurnanin injuna da hucin bututu da ba ya yankewa ko a cikin ɗakin kwana.

Kuskuren da masu tasowa ke yawan yi shi ne kwafar kayan tsoron kansu, su jini da ƙwari da karyayyun 'yan tsana, alhali waɗannan sun tsufa tun tuni. Abin ɗauka shi ne dabarar: ka zaɓi wurin da ka sani sarai, ka karkatar da abu guda a cikinsa, ka bar mutanen ciki su ci gaba da harkokinsu kamar babu abin da ya faru, sannan ka kame bakinka daga yin bayani. Tagwayen nan Stephen da Timothy Quay sun nuna yadda ake aro da mutunci a 1986, lokacin da suka yi Street of Crocodiles daga rubutun Bruno Schulz, marubucin Poland da aka kashe a 1942. Ba su bi labarinsa daki-daki ba. Yanayin ruɓaɓɓen titin kasuwa kawai suka ɗauko, suka sake gina shi da ƙura da zare da kusoshi masu kwance kansu, a fim ɗin da bai wuce minti 21 ba.