Masu makaman nukiliya suna sabunta nasu, suna hana wasu ƙerawa: ya aka yi haka?

Tambaya: Wani malamin makaranta daga Daura ya rubuto cewa: "Amurka da Rasha na kashe maƙudan kuɗi suna sabunta makaman nukiliyarsu, kuma su ne ke hana wasu ƙasashe ƙerawa. Ashe wannan ba saɓa alkawari ba ne?"

Amsa: Malam, ƙorafinka na da tushe. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman, wato NPT, da ta fara aiki a 1970, ciniki ce. Marasa makamin suka yarda ba za su nema ba, su kuma Amurka da Rasha da Ingila da Faransa da Sin suka ɗauki alkawari a sashe na 6 cewa za su tattauna kwance ɗamara. Sai dai ba a sa wa alkawarin rana ba, kuma nan ne gizo ke saƙa.

Amma sabuntawa iri biyu ce. Akwai wadda tsufa ke tilastawa. Sinadarin tiritiyam da ke ƙara wa bam ƙarfi yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 12, dole a riƙa sake shi. Makami mai linzami na Minuteman III kuwa tun 1970 Amurka ta fara girke shi. Wannan gyara bai ƙara yawan komai ba.

Wadda ke tayar min da hankali ita ce ta biyu: ƙera sababbin makamai ba tare da wani ya zo ya ƙirga ba. Yarjejeniyar New START ta 2010 ta ƙayyade wa Amurka da Rasha kawunan nukiliya (wato bama-baman da ake ɗora wa makamai masu cin dogon zango) 1,550 a girke kowacce, tare da kai wa juna ziyarar bincike har 18 a shekara. An daina ziyarar a 2020 lokacin korona, Rasha ta dakatar da shigarta a 2023, wa'adin yarjejeniyar kuma 5 ga Fabrairu 2026 ne. Idan babu bincike, kowane ɓangare yakan yi shiri ne a kan mafi munin zato, alhali makamin da aka harba daga nahiya zuwa nahiya minti 30 kawai yake ɗauka. A irin wannan ƙurarren lokaci, kuskuren na'urar gargaɗi ɗaya ya isa.

Mu a nan mun cika namu ɓangaren. Afirka ta haramta wa kanta makamin ta yarjejeniyar Pelindaba, kuma a 2018 aka kwashe yuraniyam mai ƙarfin da ake iya haɗa bam da shi daga na'urar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, aka mayar da shi Sin, aka sa mai rauni a madadinsa.