Bakanike ya riƙe mini mota a kan gyaran esi: me doka ta ce?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Gwammaja, Kano. A watan jiya esin motata, Honda Accord, ya fara busa iska mai zafi ta ɓangaren direba alhali ɓangaren fasinja da sanyinsa, kuma duk sanda na tayar da motar sai in ji ƙara kas-kas-kas daga cikin dashbod. Bakanike ya ce ɗan injin da ke juya ƙyauren iska ne ya mutu, wanda suke kira aktuweta, ya karɓi naira 45,000 kuɗin sabo da naira 20,000 ladan aiki. Bayan kwana goma ƙarar ta dawo. Da na mayar da motar, yaronsa ya raɗa mini cewa Beljiyam aka sa mini, wato wanda aka taɓa amfani da shi. Yanzu kuma ya ce ya zuba gas ya taɓa kwamfiresa, bai tambaye ni ba, yana neman ƙarin naira 60,000, ya ce motar ba za ta bar gareji ba sai na biya. Fuskar rediyo ma ta tsage wajen kwance dashbod. Abokai sun ce in kai shi wajen 'yan sanda. Ina mafita?

Amsa: Malam, sannu da haƙuri. Zan fara da ita na'urar, domin alƙali ba zai fahimci ƙararka ba sai ya fahimci abin da ya lalace. Aktuweta ɗan ƙaramin moto ne na lantarki mai haƙoran roba a ciki, yana bayan dashbod, aikinsa buɗe ƙyauren iska da rufe shi. Mota guda takan ɗauki da dama: wani yana gauraya zafi da sanyi, wani yana karkata iska zuwa fuska ko ƙafa ko gilashin gaba, wani kuma yana tare iskar waje. A motar da direba da fasinja kowa yake saita sanyinsa, kowane ɓangare da nasa. Ƙarar da kake ji yawanci haƙoran ne suka cinye, moton yana juyawa amma ba ya kama ƙyauren. Saboda haka dawowar ƙarar tana iya nufin an sa tsohon kaya, ko an canza wanda ba shi ne ya mutu ba, ko ƙyauren ne ya cije yake karya duk wanda aka ɗaura, ko kuma ba a saita sabon ba bayan ɗaurawa. Don a yi wa bakaniken adalci, ƙarancin gas ma yakan sa ɓangare ɗaya ya fi ɗaya sanyi a wasu motocin, kuma lalle da wannan zai kare kansa. Sai dai gas ba ya kas-kas a bayan dashbod.

A doka, yarjejeniyarku ta ƙunshi sayar da kaya da kuma yin aiki, kuma rashin rubuta ta bai rage mata ƙarfi ba. Dokar tarayya ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin mai saye ta 2018 ta tanadi duka biyun. Sashe na 117 ya wajabta wa mai sayar da kayan da aka taɓa amfani da su ya bayyana haka a fili, don haka sayar da Beljiyam ba laifi ba ne, motoci da yawa a garin nan da shi suke tafiya, laifin shi ne karɓar kuɗin sabo a ɗaura tsoho a yi shiru. Sashe na 132 ya ba ka wata uku daga ranar da aka miƙa maka kayan ka mayar da shi idan bai yi aiki ba, a gyara ko a canza ko a dawo maka da kuɗinka, kuma kai kana cikin wa'adin. Sashe na 130 ya ce aikin da aka biya dole ya kai ingancin da mai hankali zai sa rai, in ba haka ba a sake shi ko a mayar da wani kaso na ladan. Sashe na 145 kuwa ya ɗora nauyin hujja a kan mai sana'ar idan aka yi zargin kaya ko aiki yana da aibu.

Idan ya ce ai shi ma mai shago ne ya cuce shi a kasuwa, wannan tsakaninsu ne. Shi ka ba kuɗi, shi ya sayo, shi ya ɗaura. Da kai ne ka je Ƙofar Ruwa ka sayo da hannunka ka kawo masa, da maganar ta canza, domin a nan ladan aiki kaɗai za ka bi shi.

Riƙe motar shi ne ya fi gaggawa. Doka ta yarda mai gyara ya riƙe abin da ya gyara har a biya shi, amma a kan aikin da mai kayan ya ba da izini ne kawai. Ka biya naira 65,000 na aikin da kuka shirya, gas da kwamfiresa kuwa ka ce ba a tambaye ka ba. In haka ne, ba shi da hurumin riƙe motar, kuma da zarar ka nema a rubuce ya ƙi, kana iya neman kotu ta sa ya sake ta ya kuma biya asarar kwanakin, don haka ka riƙa rubuta abin da kake kashewa a A Daidaita Sahu kullum. Amma ka binciki kanka tukuna: idan a waya ka taɓa ce masa ya yi duk abin da ya kamata, kamar yadda mutanenmu suka saba faɗa, zai kafa hujja da wannan kalmar a matsayin izini. Kada ka je da mukulli na biyu ka ɗauke motar da ƙarfi. Idan ba za ka iya zama babu mota ba, ka biya ta banki, ka tura masa saƙo a take cewa ka biya ne don ka karɓi motarka ba don ka amince da bashin ba, sannan ka bi kuɗin daga baya.

Hujjarka mafi ƙarfi ba yaron gareji ba ne, domin da wuya ya maimaita maganar a gaban maigidansa. Hujjar ita ce na'urar kanta. Ka nemi tsohon aktuwetan da aka cire, kayanka ne, ka kuma nemi kwalin sabon da rasit. Da motar ta fito, ka kai wa wani mai gyaran esi da ba ruwansa da rigimar, a ciro wanda aka ɗaura kana tsaye, a ɗauki hoton lambar da ke jikinsa da ƙurar da ta kwanta a lungunansa da duk wani rubutun fenti irin na kayan da aka kwanto daga wata mota, ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. Saƙonnin WhatsApp da shaidar tura kuɗi kotu tana karɓarsu bisa sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, saboda haka kada ka goge komai.

Game da 'yan sanda, ban ba ka shawara ba. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Gaskiya ne sayar da tsoho da sunan sabo da gangan yana iya zama zamba, amma tabbatar da niyya yana da wuya, kuma idan aka tsare shi a banza yana iya juyowa ya yi ƙararka.

Ka fara da takardar neman haƙƙi, ka faɗi kuɗin da kake bi, da kuɗin fuskar rediyo, da ranar da kake so a saki motar, ka kai kwafi ga shugaban garejin ko reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA, domin sau da yawa kunyar abokan sana'a takan kashe magana cikin kwana biyu. Idan bai ji ba, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Kano da ta tarayya, akwai kuma gidan sulhu na babbar kotun jiha. Kotun ƙananan basussuka da Kano ta buɗe a 2019 ta dace da neman kuɗin da adadinsa sananne ne: ba sai da lauya ba, ana fara ta da takardar gargaɗi ta kwana 14, kuma an tsara a gama cikin kwana 60. Umarnin sakin mota kuwa sai a kotu ta yau da kullum. In kuma ku biyun Musulmi ne, kotun shari'ar Musulunci ma a buɗe take, kuma a Malikiyya mai sana'a yana lamunin abin da ya lalace a hannunsa idan an bar masa kayan ya yi aiki ba a gaban mai shi ba, wanda ya shafi tsagewar fuskar rediyon kai tsaye. A nan ma mai sayen da ya tarar da aibun da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayar da kayan ya karɓi kuɗinsa.

Ni dai da zan zaɓa maka, ka tura takardar a wannan makon, ka karɓo motar kafin a sake kwance dashbod ɗin ba ka nan, domin idan aka musanya abin da ke ciki, babbar hujjarka ta tafi.