Filastar daina shan taba: halal ce, kuma tana karya azumi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direban pragiya ne, wato babur mai ƙafa uku na haya, a Aboabo nan Kumasi, shekara 11 ina shan sigari, na yi rantsuwa da Alkur'ani har sau biyu cewa na daina amma ko sati ban yi ba na koma. Yanzu mai kemis ya ba ni wata filasta ta liƙawa a damtse, sai wani abokina ya ce ai ita ma nikotin ce irin ta cikin sigari, haramun ce, kuma tana karya azumi. Don Allah Malam mene ne gaskiya, kuma wannan kasawar tawa raunin imani ne ko an yi mini wani abu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya yi maka albarka da ka fito ka faɗi gaskiya, da yawa ɓoyewa suke har ƙirji ya lalace.

Bari in fara da ta ƙarshen don ita ta fi taɓa ni. Ba wanda ya yi maka jifa. A jikinka Allah Ya halicci wani sinadari, likitoci suna ce masa asetilkolin, shi ne ɗan aike tsakanin jijiya da tsoka. In za ka murɗa kan pragiyarka, jijiya ce take sakinsa ya je ya taɓa wata 'yar ƙofa a jikin tsoka, ƙofar nan ɓangare biyar ne suka yi da'ira da rami a tsakiya, da ya taɓa ta sai ta buɗe, sinadaran gishirin jiki su kwarara ciki, sai tsoka ta motsa. Ko numfashin da kake yi yanzu ta wannan ƙofar yake bi. Shi ya sa dafin wasu gamsheƙa yake kashe mutum, toshe ta yake sai numfashi ya tsaya. Na taɓa zuwa gaida wani dattijo a unguwarmu, da safe garau yake amma kafin la'asar fatar idonsa ta sauko, sai ya ɗaga ta da yatsa in zai dube ka, tuwo ma tauna shi aiki ne. 'Ya'yansa sun sha yawon neman karya sammu, ashe garkuwar jikinsa ce take kai wa waɗannan ƙofofin hari, aka sa shi kan magani a asibiti ya samu sauƙi.

To irin wannan ƙofar akwai ta a ƙwaƙwalwa, kuma nikotin makulli ne na jabu da ya yi daidai da ita, tun 1905 wani Bature a Ingila, John Langley, ya lura da haka yana gwaji da nikotin a kan tsoka. Ka zuƙi hayaƙi, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ta isa ƙwaƙwalwa ta buɗe ƙofofin, a saki dofamin, sinadarin jin daɗi. Yau da gobe sai ƙwaƙwalwa ta ƙara yawan ƙofofin, kuma cikin kamar awa 2 rabin nikotin ɗin ya bar jini, sai su zauna wayam suna kira. Wannan kiran shi ne ƙuncin da kake ji da saurin fushi da fasinja da rashin barci. Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu zafi, bayan 'yan makonni abin yana lafawa, ƙofofin ma su koma adadinsu. Ban ce ba ka da laifi ba, kai ka kunna ta farko, amma wanda yake fama ya fita ba a ce masa marar imani.

Hukuncin tabar kanta, malaman farko sun yi saɓani. Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya halatta ta, haka Aliyu al-Ujhuri a Masar, shi kuwa Ibrahim al-Laƙƙani ya hana, kuma dukkansu Malikawa ne. Amma su ba su ga abin da muka gani ba. Yau an san hayaƙin yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, wajen 70 a ciki suna jawo cutar kansa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Allah Ya ce kada ku jefa kanku ga halaka (Baƙara 195), Annabi (SAW) ya ce ba cuta ba cutarwa, hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Ni abin da nake fatawa da shi haramun ce, har da shisha da samarinmu suka mayar abin gayu. Ko dokar lafiya ta Ghana ta 2012 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a.

Filasta kuwa, abokinka ya yi gaskiya cewa nikotin ce a ciki, amma ƙiyasinsa bai hau ba. Dalilin haramcin shi ne cutarwa, kuma mafi yawan cutarwar a hayaƙin take. Nikotin ba ta gusar da hankali irin na giya balle a ce ta shiga babin maye. Filasta tana shigar da ita a hankali ta fata, ba wannan bugun gaggawar da ke ɗaure mutum, ana rage ƙarfinta mataki-mataki wajen wata biyu zuwa uku har a yaye ka. Wannan magani ne, an umarce mu da neman magani, kuma ƙa'ida ce ana tunkuɗe babbar cuta da ƙarama. Halal ce da sharaɗin niyyarka fita ce, kuma ka bi yadda likita ko mai kemis ya tsara, in kana da ciwon zuciya ka ga likita tukuna. Sigarin lantarki da ake zuƙa don nishaɗi ban sa shi a wannan sassaucin ba, yana ciyar da ƙofofin ne kawai.

Azumi kuma ba ta karya shi, domin ba ci ba ce ba sha ba, ba ta bi ta maƙogwaro ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1997 ta lissafa filastar magani da ake liƙawa a fata cikin abin da ba ya karya azumi. Amma cingam ɗin nikotin da alewarta suna karyawa don ana haɗiye ruwansu, sai bayan magariba. Hayaƙi kam ba magana, yana karyawa.

Sai rantsuwa biyun da ka saɓa, kowacce da kaffararta: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in ba hali azumin kwana uku (Ma'ida 89). Kar ka sake rantsewa, ka sa rana kawai, ka yar da ashana da ragowar kwalin da ke cikin pragiya tun daren, ka gaya wa abokan tasha kada wanda ya miƙo maka. Wallahu a'alam.