Amsa ga mai neman saita rimot ta mashigar firinta

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka. Ka ce an kawo maka rimot ɗin One For All na gwanjo, irin mai ƙafa shida a ramin batir, ka haɗa kebul da hannunka don ka saita shi ta kwamfuta, ka gwada a sabon laftof da kebul ɗin USB mai bakin firinta, ka koma tsohon laftof mai Windows XP wanda ke da mashigar firinta, wato faffaɗar nan mai rami 25, a jikinsa, duk manhajar saita rimot ɗin na cewa ba ta ga rimot ba. Wasu a nan sun ce ka sake zuba Windows, wani ya ce rimot ɗin ya mutu. Don Allah ka dakata da duka biyun tukuna. Na daɗe ina gyaran talabijin da risiba a nan Sakkwato, kuma a zamanin da muke karanta ƙwaƙwalwar talabijin ta wannan mashiga, da wuya laifin ya zama na abin da ake karantawa.

Ka fara riƙe wannan: manhajar ba bugawa take yi ba. Kai tsaye take zuwa kan ƙafafun mashigar, ta kunna wannan ta kashe wancan, ɗaya bayan ɗaya, har ta yi magana da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke cikin rimot ɗin, wato EEPROM irin su 24C16 mai ƙafa takwas. Waya biyu ce ke ɗauke da maganar, ɗaya ta bayani ɗaya ta bugun lokaci. Duk abin da ya shiga tsakanin manhajar da ƙafafun nan ya katse zancen.

Shi ya sa kebul ɗin USB ɗin da ka saya ba zai taɓa yi ba, ko na kuɗi nawa ne. An yi shi ne don firinta kawai. Kwamfuta na ganinsa a matsayin na'urar bugawa, ba ta ba shi adireshin da manhaja za ta taɓa. Ka ajiye shi gefe, kada ka ƙara asarar kuɗin kabu-kabu kana zagaye shaguna neman wani. Tsohon laftof ɗin shi ne abokin aikinka.

To a kansa, ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfutar kanta, tun kafin Windows ta tashi. Laftof da yawa ana kawo su an kashe mashigar, ko an bar ta a kan zaɓin kai-da-kai. Ka kunna ta, ka cire ta daga sabon tsarin da ake kira ECP ka mayar da ita tsohon tsari, wato SPP, ko mai tafiya biyu (bi-directional), domin irin kebul ɗin da muke haɗawa a gida ya fi jituwa da tsohon tsari. Sannan ka rubuta adireshin da ka gani a takarda, wato lambar da manhaja ke neman mashigar da ita. Wanda aka saba da shi 378 ne, akwai 278, akwai kuma 3BC. Na sha ganin tsofaffin ThinkPad suna zuwa a kan 3BC alhali manhaja na ta ƙwanƙwasa ƙofar 378, babu mai amsawa. Idan Windows ta tashi, ka buɗe Device Manager, ka duba LPT1, wato sunan da Windows ke kiran mashigar, ka tabbatar lambar da ke wurin ita ce ka saka a manhajar. Wannan kaɗai yana warware wa mutane da yawa.

Sai maganar Windows. A Windows 98 kowace manhaja na iya taɓa mashigar yadda ta ga dama. A Windows 2000 da XP kuwa hanyar a toshe take, sai da ɗan direba, wato ƙaramin fayil mai buɗe wa manhaja hanyar, irin giveio ko inpout32. Ka tabbatar fayil ɗin direban da ya zo tare da manhajar yana cikin jaka ɗaya da ita, kuma ka shiga Windows a matsayin mai cikakken iko (Administrator). Idan an taɓa saka manhajar firinta ko sikana a laftof ɗin, ka cire ta, domin wasunsu suna leƙa mashigar lokaci-lokaci su ɓata maka karatu a tsakiya.

Inda nake zargin matsalarka ta fi ƙarfi shi ne wuta, kuma nan ne laftof ya bambanta da kwamfutar tebur. Tsofaffin na tebur suna fitar da kusan bolt 5 a ƙafafunsu. Laftof da yawa ba sa wuce 3.3. Ita kuwa ƙwaƙwalwar rimot, da "sifili" da "ɗaya" ake yi mata magana, kuma ba ta yarda an ce mata "ɗaya" sai wutar da ta iso ƙafarta ta kai kashi 70 cikin ɗari na wutar da ke ciyar da ita. Ka yi lissafin da kanka: idan tana cin bolt 5, tana jiran 3.5, laftof ɗinka kuma 3.3 yake bayarwa, kafin ma resista ko diyod da ke cikin kebul ɗinka su ci nasu rabon. Kamar mai magana ƙasa-ƙasa ne a tsakiyar Babbar Kasuwa, yana faɗin gaskiya amma ba a ji. Ka ɗauki mitar auna wuta, baƙar waya a ƙafa ta 25, ja a ƙafa ta 2, ka ga abin da zai nuna lokacin da manhajar ke ƙoƙarin karantawa. A mashigar, ƙafa ta 18 zuwa ta 25 duk ƙasa ce, wato ground, ta 2 zuwa ta 9 su ne na bayani.

Idan ka ga wutar ƙasa-ƙasa, akwai dabarar da za ta ba ka mamaki: ka cire sababbin batir daga rimot ɗin ka saka waɗanda suka ɗan sha aiki. Wutar da ke ciyar da ƙwaƙwalwar ta ragu, abin da take jira daga laftof shi ma ya ragu, sai su haɗu a tsakiya. Ba batir da ya mutu murus nake nufi ba, wanda dai ya yi rauni. Ka kuma gwada da caja a jiki, ka sake gwadawa babu ita. Wasu laftof suna rage wa mashigai ƙarfi idan suna kan batir, a wani ɓangaren kuma cajar gwanjo a kan ƙaramin janareta tana shigo da hayaniyar da ke rikita karatu. Ni idan aka ɗauke wuta na fi son in cire cajar gaba ɗaya in yi aikin a kan batir ɗin laftof, in dai BIOS bai kashe mashigar ba.

Kebul ɗin kansa kuma sai ka zauna da shi a wuri mai haske. Lambobin ƙafafun suna rubuce ƙanana a jikin robar filogin, kuma idan ka juya shi ta bayan da ake ɗora dalma, dama ta koma hagu. Zanen da ka bi wataƙila ta gaba aka zana shi. Ka bi kowace waya da mita daga bakin filogi har zuwa ramin ƙafa shida, ka girgiza ta kana kallon allon mitar. Jan layin da ke gefen faffaɗar waya shi ke nuna ƙafa ta 1, kuma kan nan mai rami shida yana shiga a juye ba tare da ya yi gardama ba. Kada tsawon kebul ɗin ya wuce mita ɗaya. Ƙurar hunturu ta garin nan ma ba ta bar ramukan tsohon laftof ba. Buroshin haƙori da ɗan sifirit sun isa, ka bari ya bushe kafin ka kunna.

Abu ɗaya da nake so ka duba tun kafin duk wannan wahala: rubutun da ke jikin allon rimot ɗin kusa da ƙafafun shida. Idan JP1 kawai aka rubuta, kana kan hanya. Idan ka ga JP1.2 ko JP1.3, wannan sabon zubi ne, bayanansa na cikin babbar ƙwaƙwalwar rimot ɗin, kuma ba ya jin maganar mashigar firinta ko kaɗan. Nasa kebul daban ne, na siriyal ko na USB da aka yi dominsa. Bakin iri ɗaya ne, shi ke ruɗin mutane.

Ranar da Allah Ya sa ya karanta, ina roƙonka kada ka yi gaggawar rubuta komai a ciki. Ka karanta sau biyu, ka ajiye kowanne a fayil, ka gwada su. Idan sun bambanta, haɗin bai zauna ba, kuma rubutu a kan haɗi mai rawa shi ne ke mayar da rimot mai aiki ya zama shiru. Kayan mutane ne, amana ce a hannunka, kuma wannan fayil na asali shi ne zai cece ka idan abu ya karkace.

Idan duk ka bi bai yi ba, ka nemi tsohuwar kwamfutar tebur a shagon masu buga takardu, wataƙila ka dace da mai mashigar a bayanta, ka roƙi mintoci kaɗan ka gwada. Ko kuma ka ɗaga ƙwaƙwalwar da ayan ɗin dalma ka ɗora ta a kan CH341A, ɗan abin da ke karanta ƙwaƙwalwa irin su 24C16 ta USB, amma wannan sai hannunka ya saba da ƙananan ƙafafu.

Ka turo mana hoton allon rimot ɗin, da sunan laftof ɗin, da adireshin da BIOS ya nuna, da abin da mita ta ba ka a ƙafa ta 2. In kuma kana kusa da Mabera, ka yi mini magana ta akwatin saƙo ka taho da su bayan La'asar mu ɗora a kan ta tebur ɗina.