Amsa: Shin Keshi ya yi fice a fili kafin ya zama koci?

Malam, ka tambaya ko Stephen Keshi ya taɓa yin suna a matsayin ɗan wasa, ko kuwa a horarwa kawai aka san shi. Ai tun yana taka leda ake kiransa "Big Boss". Ɗan baya ne, ya buga wa New Nigeria Bank, ya tsallaka Kwaddibuwa, daga nan Beljiyam, inda ya buga wa Lokeren da Anderlecht, sannan Strasbourg a Faransa. Shi ne kyaftin ɗin Super Eagles da suka ɗauki Kofin Afirka a Tunisiya a 1994.

Da ya rataye takalmi, ya kai Togo gasar cin Kofin Duniya ta 2006, karo na farko a tarihinta, amma aka sallame shi kafin a tafi Jamus. Ni dai a ganina an cuce shi. Ya horar da Mali, sai Najeriya a 2011.

Abin da ya fi burge ni shi ne gasar Kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu. Ya ɗauko 'yan wasan gida, ana ta yi masa surutu. Sunday Mba, ɗaya daga cikinsu, shi ya zura ƙwallon da ta fitar da Kwaddibuwa ta su Drogba, kuma shi ya ci Burkina Faso 1-0 a wasan ƙarshe. Keshi da Mahmoud El-Gohary na Masar ne kaɗai suka ci kofin suna 'yan wasa, suka sake ci suna koci. Keshi ya mutu a birnin Benin na Najeriya a watan Yunin 2016.