Tambayi Likita: Waken zamani, maganin ajiya da gyaɗa mai ɗaci

Assalamu alaikum. Kaka ta yi, ana ta roron wake, motoci na sauke buhuna a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe da kasuwar Muda Lawal ta Bauchi. Tambayoyin wannan mako kusan duk a kan abin da aka girbe ne.

Tambaya: Likita, bana na shuka waken nan na zamani da tsutsa ba ta ci, kuma ya yi kyau. Amma maƙwabta sun ce an sa masa abin hana haihuwa da mai jawo kansa, har uwargida ta ƙi dafawa. Mu ci ko mu sayar? Daga wani manomi a Kumo.

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a amfanin. Daga bayaninka, SAMPEA 20-T ka shuka, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta fitar a ƙarshen 2019, bayan hukumar NBMA mai sa ido kan irin waɗannan iri ta ba da izini. Akwai wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, ana ce mata Bt, tana yin wani sinadari da ke kashe tsutsa. Ƙwayar gadon da ke sa ta yin sinadarin aka ɗauko aka sa wa waken, don ya kare kansa daga tsutsar maruka mai cinye fure da kwanso. Sinadarin ba ya aiki sai ya sami inda zai maƙale a hanjin tsutsar. Hanjin ɗan Adam ba shi da wannan wurin, cikinmu narkar da shi yake tare da sauran abincin. Tun 1996 ake noman masara mai irin wannan sinadari a Amurka ana ci, kuma babu sahihin binciken da ya nuna ta hana wani haihuwa ko ta jawo masa kansa. Ku ci wakenku.

Ban ga laifin uwargida ba. Mai ciyar da yara dole ta tambayi abin da za ta zuba a tukunya, kuma haƙƙin mai saye ne a gaya masa wane iri yake saye. Akwai ma tambayar da manoma ke yi kan masarar zamani ta TELA da aka fitar a 2024, cewa irin aure ce, sai an sake sayen iri duk shekara. Wannan magana ce ta aljihu da ta cancanci muhawara, amma ba maganar cuta ba ce. Ni a wajena babban alherin waken nan shi ne ya rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu, domin masu goya tankin feshi ba takunkumi ba safar hannu su ne muke gani a asibiti. Sai dai ka sani kariyarsa a gona ta tsaya, ƙwarin ajiya za su ci shi kamar kowane wake.

Tambaya: Na sayi wake kwano biyar, da na buɗe sai na ji warin fiya-fiya. Idan na wanke sosai zai ciwu? Daga wata matar aure, Gombe.

Amsa: 'Yar'uwa, don Allah kada ki dafa shi, kada kuma ki ba awaki ko kaji. Wannan shi ne abin da ya kamata mu ji tsoro a harkar wake. Wasu masu ajiya na zuba Sniper ko fiya-fiya kai tsaye a kan wake, alhali gubar da ke ciki, dikilobos, ba a yi ta don abincin da za a ci ba. Saboda ita Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Mu kuwa muna ci. Mutanen Gombe ba su manta da 2008 ba, lokacin da aka kwashi ɗalibai mata fiye da ɗari na wata makarantar kwana zuwa asibiti bayan sun ci waken da aka sa wa maganin ƙwari. Jiƙawa da wankewa da zubar da ruwan tafasar farko na rage gubar, yana da kyau a riƙa yin haka ga duk waken kasuwa, amma wanda warinsa ya fito fili ya wuce wanki.

Idan wani ya ci sai aka ga yana dalalar miyau, gumi na keto masa, ga amai da gudawa, baƙin idonsa ya ƙanƙance, numfashi na yi masa wuya, ko yana jijjiga, a tafi asibiti nan take. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, domin abin na iya sarƙe shi ya gangara huhu. Akwai allurar da ke karya wannan guba, kuma da wuri take aiki. A tafi da ragowar abincin.

Ga masu ajiya kuwa, akwai hanyar da ba ta buƙatar magani ko ɗigo. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, idan aka ɗaure kowanne tam, iska ce ke ƙare wa ƙwarin su mutu. Jarka mai tsabta ko duro mai murfi na yin wannan aikin, muddin waken ya bushe sarai, an cika shi har baki, ba a kuma yawan buɗewa. Mai amfani da ƙwayar Phostoxin ta kashe ƙwarin ajiya kada ya kuskura ya ajiye buhunan a ɗakin da ake kwana, iskar da take fitarwa tana kisa.

Tambaya: Sana'ata ƙuliƙuli da man gyaɗa. Nakan sayi gyaɗa mai araha wadda ta ɗan yi funfuna, tunda suya za ta kashe komai. Ɗana ya ce hakan na kawo ciwon hanta. Da gaske ne? Daga wata uwa a Azare.

Amsa: Hajiya, ɗanki ya faɗi gaskiya. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna afulatoksin, kuma suya ko tafasa ba sa kashe ta. Idan aka matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙuliƙulin da yara ke saye a ƙofar makaranta. Ci kaɗan-kaɗan na shekaru yana lalata hanta har ya kai ga kansa, haɗarin kuma yana ninkuwa sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda yake da yawa a cikinmu ba tare da masu shi sun sani ba. An kuma danganta ta da tsumburewar yara. Idan ta yi yawa lokaci guda kisa take: a Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara.

Na san ribar sana'ar ba ta da yawa, arahar nan ita ke jan ki. Amma ki zauna ki tsince duk wadda ta motse, ta yi baƙi ko kore, ta huje, ko take ɗaci, ki binne. Kada a ba saniya ko akuya mai shayarwa, gubar na fita ta nono. Manoma su cire gyaɗa a kan kari, su shanya a kan tamfol ba a ƙasa ba, har sai an girgiza kwanso an ji tana ƙara, su ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Akwai kuma Aflasafe mai rage wannan guba tun daga gona, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsawa a gona mako biyu zuwa uku kafin fure. Ke da iyalinki ku je a yi muku gwajin ciwon hanta, wanda ba shi da shi a yi masa rigakafi.

Tambaya: A garinmu a bakin kwalta ake shanya masara da rogo. Ina haɗin wannan da zazzaɓin Lassa? Daga wani malamin makaranta a Toro.

Amsa: Ɓera ne haɗin, Malam. Shi ke ɗauke da cutar a fitsari da kashinsa, shanyar da ta kwana a waje kuwa kiwonsa ce. Bauchi na cikin jihohin da suka fi fama da ita, tare da Ondo da Edo da Taraba, kuma daga Disamba zuwa Afrilu take tsananta. A shanya a kan abu mai tudu, a kwashe kafin magariba, a rufe gari da tsaba a mazubi mai murfi, a hana yara farautar ɓera. Zazzaɓin da aka sha maganin maleriya kwana uku bai sauka ba, musamman ga mai ciki, na asibiti ne. Ka gaya wa ɗalibanka, su za su kai saƙon gida.

Tambaya: Ina da ciwon suga, ga bukukuwan aure na kaka sun taso. An ce tuwon acha ba ya ɗaga suga, in ci iya cina? Daga wani dattijo a Dass.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Acha abinci ce mai kyau, amma ita ma hatsi ce, idan ka ci da yawa suga zai hau. Ko acha ko dawa ko masara, malmalar kada ta wuce dunƙulen hannunka, miyar kuka ko kuɓewa ko taushe ta fi tuwon yawa, a haɗa da kwaɗon zogale ko rama da ɗan nama ko wake. A wajen biki abin sha ya fi yin ɓarna: lemon kwalba, kunun zaƙi, zoɓo da furar da aka zuba wa suga. Rake ma ka bar wa jikoki. Kada ka ƙi karyawa don jiran abincin biki alhali ka sha magani, suga na iya faɗuwa ka yanke jiki. In kana da na'urar gwaji, ka gwada awa biyu bayan cin abinci. Abin da ake so kada ya wuce 10, ko 180 a na'urar da ke ƙirga da ɗaruruwa. Ka rubuta sakamakon a takarda ka tafi da ita ranar ganin likitanka.