Shin auren mata da yawa ne ya haɗa 'yan Mormon da gwamnatin Amurka faɗa?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa gwamnatin Amurka ta taɓa tura sojoji kan mabiya ɗariƙar Mormon saboda mazansu suna tara mata da yawa. Ina neman ƙarin bayani. Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: An tura sojojin, amma auren mata da yawa ba shi ne kaɗai musabbabi ba, domin tushen rigimar shi ne wa ke da iko da yankin Utah. Bayan da wasu gungun mutane suka kashe Joseph Smith, wanda ya kafa wannan ɗariƙa ta Kirista, a kurkukun garin Carthage a 1844, magajinsa Brigham Young ya ja mabiya zuwa yamma, suka sauka a kwarin Salt Lake a 1847. Da aka mayar da Utah, inda kwarin yake, yankin tarayya (wato ƙarƙashin gwamnatin tarayya, bai kai matsayin jiha ba) a 1850, Shugaba Millard Fillmore ya naɗa Young gwamna, ya zamana shugabancin addini da na mulki duk suna hannun mutum guda. Alƙalan da ake turowa daga Washington sukan tarar jama'a sun fi kai ƙara gaban shugabannin cocinsu, wasu suka koma gida suna cewa dokar ƙasa ba ta aiki a Utah.

Wannan ne ya sa Shugaba James Buchanan ya tura sojoji kimanin 2,500 a 1857 su raka sabon gwamna, Alfred Cumming. Young ya kafa dokar soja, mayaƙansa suka ƙona amalanken kayan abincin rundunar, har sanyin hunturu ya tsare ta a hanya. A cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne mayaƙan Mormon suka kashe matafiya kimanin 120 a Mountain Meadows, kuma mutum ɗaya tak, John D. Lee, aka zartar wa hukuncin kisa, shi ma sai a 1877. A 1858 dubban mazauna Salt Lake suka kwashe zuwa kudu, suka bar gidajensu shaƙe da ciyawa, a shirye su banka musu wuta idan sojoji suka mamaye. An sasanta, Young ya sauka daga gwamna, amma a ganina kujerar kawai ya rasa, don maganarsa jama'a suka ci gaba da ji.

Batun aure kuwa, wanda cocin ya bayyana a fili tun 1852, kuma ba shi da iyakar mata huɗu (shi kansa Young ya auri fiye da hamsin), da doka aka yaƙe shi. Majalisar Dokokin Amurka ta haramta shi a 1862, sannan a 1879 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar George Reynolds, wani ɗan Mormon da aka gurfanar kan auren mata biyu, cewa mutum yana da 'yancin yin imani da abin da ya so, amma imanin ba ya ba shi damar karya doka. Dokar Edmunds ta 1882 ta hana masu mata da yawa jefa ƙuri'a da riƙe muƙami, aka ɗaure ɗaruruwan magidanta, ta 1887 kuma ta ba da damar ƙwace kadarorin cocin. A wannan shekarar shugaban cocin, John Taylor, ya rasu yana ɓoye.

Da aka ga uwar bari, sabon shugaban cocin, Wilford Woodruff, ya ba da sanarwa a 1890 yana shawartar mabiya su daina ƙulla irin wannan aure. Utah ta zama jiha a Janairun 1896, da sharaɗin tsarin mulkinta ya haramta shi, kodayake an ci gaba da ɗaura wasu a asirce har cocin ya sake tsawatarwa a 1904.